Tsakin Kaka

Ƙwarararam! Murfin babbar tukunyar Yaya ne ya suɓuce daga hannuna ya faɗi a kan siminti, ya yi ta juyi yana kuka kamar ba zai taɓa kwantawa ba. Yaya ta zabura har gishirin da ke tafin hannunta ya zube. Kazar maƙwabta da ke kiwo a bakin rariya ta tashi sama ta dira a kan igiyar shanya. Ni kaina sai da na dafe ƙirji. Mutum ɗaya ce a tsakar gidan ba ta motsa ba, wato Bebi, 'yar Yaya, wadda ke zaune a cikin bahon roba an tokare ta da zannuwa, ta ba mu baya, tana nazarin babban yatsan ƙafarta.

Muka kalli juna ni da Yaya. Ta sunkuya ta ɗauki murfin, ta ɗauraye shi a famfo, ta matsa kusa da bahon, sannan ta sake shi kamar ba da gangan ba. Ƙwarararam. Bebi ta kai yatsan bakinta.

Shekarar da na gama jami'a ce, ina jiran a kira mu bautar ƙasa, sai na zo Kakuri wurin yayata don in taya ta reno. Ɗaki biyu suke haya ita da mijinta, a wani gida mai famfo ɗaya a bayan tsohuwar masaƙa. Jikin katangarmu akwai injin markaɗe, gaba kaɗan mai walda, ga keke na wucewa da ham kamar ana bikin wani, ga coci biyu da lasifikokinsu suna fuskantar juna. A wannan gidan aka haifi Bebi, lokacin kuma ta kusa wata tara. Yarinya ce mai kumatu da manyan idanu, ba ta cika kuka ba. Duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce, "Kai, wannan yarinya akwai haƙuri." Da, Yaya murmushi take yi in an faɗi haka. Daga ranar murfin tukunya sai yabon ya fara yi mata nauyi.

Ranar awo na raka ta ƙaramin asibitin unguwa. Bayan an ɗora Bebi a sikeli an sauke, Yaya ta tsaya tana gyara goyon da ba ya bukatar gyara, har nas ɗin, wata doguwar mata mai tabarau a ƙarshen hanci, ta ɗago.

"Madam, akwai magana ne?"

Yaya ta faɗa mata zancen murfin, muryarta ƙasa-ƙasa.

"In kun kira sunanta tana waiwayowa?"

"Wanne daga ciki?" in ji Yaya.

"Sunaye nawa gare ta?"

Muka shiga lissafi. Ubanta ya raɗa mata na yarensu. Iyayenmu sun aiko da na yarenmu. Akwai na Littafi Mai Tsarki da aka yi mata addu'a da shi a coci. Kakarta tana da nata daban. Mutanen gida kuwa Bebi suke cewa.

Nas ta cire tabarau. "To ko ni ce ai ba zan waiwayo ba. Sai in jira ku gama shawara tukun."

Ta yi dariya, amma ba ta yi wasa da maganar ba. Ta ce mu je gida mu riƙa yi wa yarinyar wasa da sauti. Mu tsaya a bayanta inda ba ta ganinmu, mu kaɗa wani abu, mu ga ko za ta nemi inda ƙarar take. Mu yi mata waƙa. In ta yi wani ɗan gwaranci, mu mayar mata da shi. In muka dawo awo na gaba ba ta taɓa waiwayawa ba, za ta rubuta mana takarda mu je wurin likitan kunne.

A keke muka dawo, Yaya tana rungume da Bebi. Hannunta ɗaya yana kan kunnen Bebi, tana shafa shi kamar mai lallashinsa.

Akwai kalmar da babu wanda ya furta a gidanmu a makonnin nan. "Abin nan" muke cewa. "In abin nan ne fa?" "Ba abin nan ba ne, da yardar Allah." Mijin Yaya, ma'aikacin gwamnati ne mai babur da barkwanci, shi ya ɗauki nauyin ba mu dariya ko muna so ko ba ma so.

"Gado ne," ya ce da aka ba shi labari. "Ni ma in uwarta tana magana ba na ji."

Yaya ta yi masa wani kallo. Ya juyo kaina, don tsakanin miji da ƙanwar mata akwai wasa, shi kuwa bai taɓa barin nasa ya kwana ba.

"Farfesa, ga aiki ya samu. Duk karatun nan da aka kashe miki, a nuna mana amfaninsa."

Na kuwa ɗauki aikin da zuciya ɗaya. Na tara gwangwanayen madara na wanke, na zuba wake a ɗaya, shinkafa a ɗaya, tsakuwa a ɗaya, na liƙe bakinsu. Kafin in kai wa Bebi sai in zauna in saurare su ni kaɗai. Na waken kamar ruwan farko ne a kan kwano. Na shinkafa raɗa yake yi, irin ta 'yan mata a bencin baya na coci. Na tsakuwa ba shi da ladabi ko kaɗan. Nakan lallaɓo ta bayan bahon, in durƙusa, in kaɗa ta dama, in kaɗa ta hagu, ina riƙe numfashi. Shiru. In na kawo gwangwanin gabanta kuwa, sai ta yi wuf ta cafke ta kai baki. Sau da yawa nakan ga kamar wuyanta ya motsa, in yi ihu, Yaya ta fito a guje da kumfa a hannu, sai mu tarar ƙuda take bi da ido.

Ana cikin haka Kaka ta iso daga ƙauye, wato mahaifiyar mijin Yaya, da buhun acca a ka da ƙullin ɗanyar citta a hannu. Gajeriyar tsohuwa ce mai ƙarfi, jikinta yana ƙanshin hayaƙin itace. Ta ajiye kaya, ta sha ruwa, ta ɗauki jikarta ta juya ta gaba da baya kamar mai sayen doya.

"Lafiyar ƙawata ƙalau," ta ce. "Ubanta ma sai da ya yi wayo sosai kafin ya ce uffan, yanzu ga shi nan an rasa mai rufe masa baki. Amma ku ma da naku. Kuna ta kiran yarinya Bebi, Bebi. Saura ƙiris ku ce bebiya. Baki fa yana da kaifi."

Ban taɓa lura da kusancin kalmomin biyu ba sai ranar. Yaya ma haka, na ga fuskarta ta canza. Daga wannan yammacin aka hana sunan Bebi a gidan. Aka bi maƙwabta ɗaki-ɗaki aka gaya musu. Kowa ya koma kiranta da sunan da ya fi iya furtawa, yarinyar da ake so ta gane suna ɗaya ta wayi gari da guda huɗu suna yawo a kanta.

Kaka tana da tsaki. Na ji tsaki iri-iri a rayuwata, amma nata daban ne. Yakan fara siriri daga gefen haƙori, ya miƙe, ya yi wata 'yar kwana a tsakiya kamar hanyar ƙauyensu, sannan ya ƙare da ɗan "cak", kamar an rufe akwati. Takan yi wa tumatirin birni tsaki. Takan yi wa abincin jarirai na gwangwani tsaki, shi ya sa ma tun ranar da ta zo ta karɓe dama kunun Bebi, na acca da gyaɗa. Amma babban abokin gabarta murhun gas ne. Duk lokacin da za ta ɗora kunu sai sun yi rigima. Ta murɗa, ta ƙyasta ashana, ashana ta mutu, ta sake, wuta ta tashi fuu ta kusa lashe mata gira, sai tsaki ya biyo baya.

Yaya 'yar zumuntar mata ce a cocinmu, ita ke buga tulu. Ba a daɗe ba labari ya kai kunnen shugabar zumunta, wata ƙatuwar uwa mai muryar da ba ta bukatar lasifika. Ta ce ba za a bar 'yar'uwa ita kaɗai da damuwa ba. Ranar da suke koyon waƙa, da aka tashi, sai ga su sun shigo gidanmu a jere cikin zanen zumunta iri ɗaya, da tuluna, da ganga, da caki, da kuge.

"Za mu yi addu'a," in ji Mama shugaba, "sannan mu gwada. Nas ta ce a kaɗa mata abu a baya, ko? To ga abu mun kawo."

"Mama, ta ce ƙaramin abu," na ce a hankali.

"'Yata, in ƙarami bai yi ba ai sai babba."

Aka zaunar da Bebi a bahonta tana fuskantar katanga. Mata suka yi layi a bayanta. Aka yi addu'a mai tsawo, aka ce amin. Mama shugaba ta ɗaga hannu ta ce a hankali za a fara. Duk wanda ya san zumuntar mata ya san ba su da wani abu mai suna a hankali. Caki ya fara, tulu ya amsa daga can cikin cikinsa, kuge ya shigo, ganga ta ce ba za a bar ta a baya ba. Kafin a kai baiti na biyu an manta da abin da ya kawo su. Ƙugu ya fara motsi. Matan gida suka fito da ludayi a hannu suka shiga layi. Mai markaɗe ya kashe injinsa ya leƙo ta kan katanga, abin da ko ranar Lahadi ba ya yi. Yaran unguwa suka cika ƙofa. Wata mata ta rangaɗa guɗa har sai da kunnena ya yi ƙara.

Ni kaɗai ce idona ke kan bahon. Kan Bebi ya yi gaba kaɗan. Ya dawo. Ya sake yin gaba. Ya kwanta a kan zane. Ta yi barci.

Da kiɗa ya tsaya sai kowa ya ga haka.

"Ta saba ne," wata ta ce. "Tun tana ciki take jin tulu."

"Ƙwarai. Ai kiɗan Ubangiji salama yake kawowa," in ji ta kusa da ita.

Suka sha zoɓo, suka ci cincin, suka yi wa Yaya sannu da ƙarfafawa, suka tafi. Yaya ta raka su ƙofa da murmushi. Da ta dawo ta wuce ɗaki kai tsaye. Na leƙa na gan ta zaune a bakin gado tana warware kayan Bebi da na riga na ninke, tana sake ninke su ɗaya bayan ɗaya. Ban shiga ba.

Na koma tsakar gida ina tattara kofuna. Bebi ta farka, tana zaune tana kallon katanga. Sai Kaka ta fito daga kicin, can ta bayan bahon, ta tsaya ta ga abin da rawa ta yi wa cittar da ta shanya a kan buhu. An tattake ta, an watsa ta har bakin rariya. Ta riƙe ƙugu. Ta ja tsaki, cikakke, da kwanarsa da komai.

Bebi ta juya. Ba ido kawai ba, wuya da kafaɗa gaba ɗaya, har ta kusa kifewa. Ta nemi Kaka ta same ta, ta buɗe baki.

Kofunan suka zube daga hannuna.

"Yaya! Yaya, ta waiwaya!"

Yaya ta fito a hankali. Lokacin Bebi ta riga ta koma kan yatsan ƙafarta.

"Auta, don Allah," ta ce, a gajiye. "Ba yau ba."

"Na rantse na gani. Kaka ta yi tsaki, ta juya."

"Ke da kike ganin fuskar mutane a gajimare."

Daidai nan mijinta ya turo babur cikin gida. Da ya ji zancen ya ce, "Farfesa ta ga wahayi." Amma na lura bai kafe babur ɗin daidai ba, sai da ya dawo ya gyara. Ya je gaban mahaifiyarsa.

"Mama, ki sake mu gani."

"In sake me?"

"Tsakin."

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wa ya yi tsaki?"

"Ke, Kaka," na ce. "Yanzun nan, saboda citta."

"Ni? Ni ba na tsaki. Tun kafin a haifi uwarki nake zuwa coci. Tsaki ba halin mai bi ba ne."

Muka tsaya baki buɗe. Da gaske take. Matar da tsakinta ya fi gaisuwarta yawa ba ta san tana yi ba, kamar yadda mai minshari ke rantsuwa bai taɓa yi ba.

Sai muka ce bari mu gwada da kanmu. Muka zagaya bayan bahon. Nawa ya fito kamar kukan ɗan tsako, don mahaifiyarmu ɗalle mana baki take yi in mun yi tsaki muna yara, ban taɓa ƙwarewa ba. Na Yaya rawa yake yi, ya mutu a hanya. Na mijinta kuwa iska ce kawai da yawu, kamar taya tana sacewa. Bebi ko gezau.

Ba mu da wata hanya sai mu ɓata wa Kaka rai. Abin da ya fi komai sauƙi a duniya, sai ga shi ya gagara, don yanzu ta san ana sauraron bakinta. Ta ɗaure leɓɓanta tamau. Ɗanta ya ce mata yana tunanin huda kunne ya sa ɗan kunne irin na samarin zamani. Ta ce, "Allah ya shirye ka." Yaya ta dafa miyar kuka ta zuba mata garin kori. Kaka ta ci ta ce an gode. Ko rigimarta da murhun gas ta koma yin ta da ƙofa a rufe, in ta fito fuskarta a kumbure kamar mai riƙe atishawa. Kwanaki muna haka. Ranar awo tana matsowa. Yaya ta daina cin abinci sosai, ni kuma na fara shakkar idona.

Wata ranar Asabar da yamma, injin markaɗe ya yi shiru, kowa yana tsakar gida. Kaka tana kan kujera 'yar tsugune tana ɓare gyaɗa. Na ɗauki bahon na ajiye shi yadda Bebi za ta ba ta baya. Na yi wa Yaya alama da ido. Sannan na zauna a gaban Kaka na ce, "Kaka, na rubuta waƙa. Ina so ki ji."

"Ta coci?"

"A'a. A kan kogin Kaduna."

"Me kogin ya yi?"

"Ba abin da ya yi. Ki dai saurara."

Ina son waƙar nan, har yau ina son ta. Na rubuta ta ne wata rana da muka tsaya a cunkoso a kan gada, rana tana faɗuwa a kan ruwa. Amma na san wa nake karanta wa. Na gyara murya.

"Kogi mace ce, da yamma take kwance kitsonta."

Hannun Kaka ya tsaya a kan gyaɗa. "Kogin ne yake da kitso?"

"Misali ne, Kaka."

"To."

"Gada tsinken tsifarta ne, mu kuma da muke wucewa a kai..."

"Ƙwarƙwata ke nan," in ji mijin Yaya. Yaya ta make shi a cinya ba tare da ta ɗauke ido daga bahon ba.

Na ci gaba. Na kai wurin da wata yake saukowa ya wanke ƙafarsa a ruwa. Leɓen Kaka na sama ya fara rawa. Na kai wurin da kifaye suke ajiye sirrin waɗanda suka yi kuka a bakin gaɓa. Ta ajiye tiren gyaɗa a ƙasa.

"Wannan ne abin da kika yi shekaru kina karantawa?"

"Har da shi, Kaka. Saura baiti bakwai."

Ya ƙwace mata. Duk tsakin da ta tara na kwanaki ya fito a igiya ɗaya, dogo, ya yi kwana biyu maimakon ɗaya, ya rufe da "cak" ɗin da sai da kazar maƙwabta ta ɗaga kai.

Bebi ta juya gaba ɗaya, ta kama bakin bahon da hannu biyu, ta kalli Kaka, ta ce, "Am."

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta sauka daga benci ta durƙusa a kan siminti, ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Mijinta ya tashi ya shiga ɗaki ya ce zai nemo wani abu, ya daɗe bai same shi ba. Kaka ta ɗauki tirenta.

"Ɓawon gyaɗa ne ya maƙale mini a haƙori," ta ce.

Washegari da safe na laɓe a bakin kicin na gane sauran zancen. Ashana ta mutu, wuta ta ce fuu, Kaka ta ja tsaki, jim kaɗan sai ga kunu a kofi. Haka ake yi safe da rana da yamma tun zuwanta. A wurin Bebi, tsaki ƙararrawar abinci ce. Mu muna ta kaɗa mata wake a gwangwani, ita kuwa ta san sautin da yake da amfani.

Ranar awo muka je da labarinmu muna ɗoki. Nas ta saurara har ƙarshe, ta share hawayen dariya da gefen hannu, sannan ta jawo takarda.

"Na ji daɗi. Amma tsakin kaka ba gwaji ba ne. Yarinyar da murfin tukunya bai firgita ba, sai likita ya duba ta."

Ta yi gaskiya. Likitan kunne ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya yi gwaje-gwajensa, ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, bayan doguwar murar da ta sha da damina. Tana ji, amma kamar wanda ya lulluɓe kansa da bargo. Siririn sauti mai kaifi ya fi samun hanyar shiga. Ya ce yawanci yakan washe da kansa, mu riƙa kawo ta yana dubawa. Kafin nan mu matso kusa da ita in za mu yi magana, fuska da fuska, a inda babu hayaniya, mu bar ta ta ga bakinmu.

"Ba sai kun buga mata tukunya ba," ya ce.

"Zumunta ma an kawo mata," in ji mijin Yaya.

Likita ya ɗago. "Duka?"

"Har da kuge."

Daga nan wasanmu ya canza. Na ajiye gwangwanaye. In mai markaɗe ya tafi cin abinci, nakan shiga ɗaki da ita in rufe ƙofa, in kwantar da ita a cinyata, hancina kusa da nata. In ce "ba", in jira. Jiran ne ya fi wuya, don babba ba ya son shiru, sai ya cika shi. Na koyi yin shiru har sai ta motsa leɓe. In ta ce "am", in ce "am". In ta yi furr da yawu, in yi furr da yawu. Wani lokaci takan sa tafin hannunta a maƙogwarona ina waƙa, idanunta su buɗe, kamar ta kama wani ƙaramin tsuntsu a ciki. Aka zauna aka zaɓi suna ɗaya da kowa zai riƙa kiranta da shi. Aka yi mako ana ƙoƙari, sannan kowa ya koma Bebi, har da Kaka.

Kunnen ya washe a hankali, ba mu ma san ranar ba. Wata safiya dai mai walda ya jefar da ƙarfe, Bebi ta firgita ta tsala ihu, Yaya ta ɗauke ta tana rarrashi tana dariya, tana cewa, "Yi kuka, uwata, yi abinki."

Kowa yana jiran kalmar farko. Yaya tana koya mata "mama", ubanta yana bin bayanta da "baba" a ɓoye, ni kuma ina da burin ta ce "wata", irin wanda ke cikin waƙata. Ranar wata Lahadi muna coci, an gama wa'azi, sakataren coci ya hau yin sanarwa. Mutum ne mai son sanarwa. Ya yi sanarwar taron maza, ya yi ta gyaran rufi, ya yi ta wanda ya manta laima. Zafi ya yi yawa, fanka ba ta juyawa. Ya ce, "Ta ƙarshe," ya karanta uku. Ya sake cewa, "Ta ƙarshe," ya tsaya yana juya takarda. Cocin ya yi tsit.

Daga cinyar Yaya wani ɗan siririn sauti ya tashi. Ƙarami ne, jiƙe da yawu, amma ya miƙe, ya yi kwanarsa a tsakiya, ya rufe da "cak".

Layin zumuntar mata ne ya fara fashewa. Mama shugaba ta cusa fuska a cikin gyale, jikinta yana girgiza benci. Fasto ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Sakatare ya ninke takardarsa ya ce sauran sai mako mai zuwa. Duk wanda ya san gidanmu ya juyo yana kallon Kaka. Ita kuwa ta juyo ta kalle ni, da fuskar mamaki na gaskiya.

"Wa yake koya wa yarinyar nan rashin kunya?"

Shekaru sun wuce. Bebi ta shiga firamare, ta zama irin yaran da malamai ke rubuta wa iyaye cewa surutunsu ya yi yawa. Ni ina aiki a wani gari, na zo hutun Kirsimeti. Ranar komawata mijin Yaya ya ɗauke ni a motar da ya saya bayan babur, zai kai ni inda zan hau mota a hanyar Abuja. Muna isa Gonin Gora taya ta sace. Ya gangara wurin wani mai faci a ƙarƙashin bishiya. Mutumin yana ganinsa ya tashi da murna, suka tafa. Sai na ga babu mai magana. Hannuwa ne ke tashi, yatsu suna lanƙwashewa, gira tana hawa tana sauka. Mai facin kurma ne. Mijin Yaya ya nuna ni, ya yi wata alama a gefen kansa kamar mai buɗe littafi, suka kwashe da dariya su biyu.

Da muka koma mota na ce, "Yaushe ka iya wannan?"

Ya sosa ƙeya, ya tayar da mota, ya daɗe yana duba madubi.

"Lokacin abin nan ne," ya ce. "In na tashi aiki nakan zo nan in zauna ya koya mini. Ruwa, abinci, zo, barci, baba. Na ce in ya tabbata, kada yarinya ta tashi ta tarar ubanta bai iya yarenta ba."

Ya fara zuwa ne tun washegarin ranar da muka dawo daga awo na farko. Yaya kuwa a duk makonnin nan a zatonta gidan kallon ƙwallo yake tsayawa, har gaba ta yi da shi a kan haka.